Maɓallai Biyar a Cikin Safa

Ruwa na dukan kwanon ajinmu a Quemchi,
kwana tara ke nan tsibirin bai ga rana ba.
Na zo da safar ulu ƙafa ɗaya,
'yar'uwarta ta ɓace tun bara,
na zuba mata maɓallai biyar:
ja uku, fari biyu.

Na ce, "Baltasar, sa hannu, ban da leƙe."
Ja ya fito. Uku bisa biyar, muka rubuta.
"Mai da shi, girgiza, sake lalube."
In jan kake so sau biyu a jere,
sai rabon farko ya ninka na biyu,
tara bisa ashirin da biyar.
Amma in ka damƙe na farkon a tafinka,
safa ta san an raba ta da ɗa,
saura huɗu, jajaye biyu kacal,
lissafi ya sauka uku bisa goma.

Na faɗa musu abin da nake faɗa duk shekara:
"ko" mai kyauta ce, ƙofofi take buɗewa,
"da" kuwa mahauciya ce,
kowane sharaɗi sai ta yanki tsokarta,
ta miƙo maka abin da ya rage a faranti.

Millaray ce a kujerar bakin taga,
ba ta taɓa ɗaga hannu ba sai ranar.
Babanta Nibaldo na can ƙetare,
wajen kejin kifi, wata guda cur,
ita kuwa Asabar za ta cika sha biyu.
Ta ce, "Malama, a yi mini nasa."

Na so in ce a bari sai an tashi.
Alli na hannuna, idanu talatin na kaina.

Sai iska ta kwanta kafin ya taso,
rediyo ya ce rabi da rabi.
Sai kuma an gyara injin kwalekwalen,
ɗaya bisa uku, in ji mutanen gaɓa.
Rabi na ninka da sulusi.
Ɗaya bisa shida.
Na rubuta shi ƙanana a lungun allo
kamar ƙanƙantar rubutu za ta rage masa nauyi.

Ba ta yi kuka ba.
Ta tauna gindin fensir har ya tsage,
sannan ta ce, "Kin mai da maɓallin cikin safa.
Tsoho Aliro ne mai gyaran inji,
a nan gidansa yake, bayan coci.
In iska na hauka ba ya ƙetarawa,
inji kuwa ba ya gyara kansa.
Duk sulusin nan a ranar lafawa yake zaune."

Na tsaya.
Shekara goma sha bakwai ina koyar da wannan,
na kuma ninka abu biyu kamar baƙin juna
alhali tare suke kwana, tare suke tashi.
Na goge da hannun rigata.
In iska ta lafa, gyara biyu bisa uku ne,
rabin wannan, ɗaya bisa uku.

Baltasar ya ce, "Har yanzu rashin ya fi yawa."
Ta ce, "Na sani. Amma ya ninka na ɗazu."
Ta kwafe shi a bayan hannunta da biro,
ta ja hular ruwa ta rufe kunnuwa.

Yau Juma'a, dare ya raba.
Na gama duba takardu, shayi ya huce.
Safar na kan tebur, maɓalli ɗaya a waje,
ban san wanda ya manta bai mayar ba.
Ina sauraron kwano.
Ɗazu kamar ya yi shiru,
yanzu ban tabbata ba.